Mai Agogo da Ƙafar Babur ɗin Babansu

Duk wanda ya san layin bayan tasha ya san Mai Agogo. Shagonsa na nan a matse tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai sayar da caja, faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango biyu ba. Shekara talatin da ɗoriya yana kan kujera ɗaya da gilashin ido ɗaya maƙale a idonsa na dama, har idon ya saba, ko ya cire gilashin sai ka ga kamar yana zarginka da wani abu. Siriri ne, mai dogayen yatsu da tsabtar farce. Ba ya faɗa, ba ya gulma sai in wani ne ya fara. Matsalarsa ɗaya ce a duniya: yana da ƙane.

Ƙanen nan Auta ake ce masa, ko da yake autan ya ba arba'in da biyar baya, ya aje tumbi, gemu ya fara fari. Mai walda ne. Wajen aikinsa na bakin babban titi, inda ake ƙera ƙofofi da tagogi, wuta na tartsatsi, guduma na amo, masu wucewa na toshe kunne suna cewa, "Kai, nan ana aiki!" Ba wanda ya taɓa wucewa ta shagon Mai Agogo ya ce ana aiki. Aikinsa ba ya ƙara. In ma ka ji ƙara, to wani abu ne ya faɗi, kuma sai an yi rabin yini ana rarrafe ana nemansa.

Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, gyaran injin ban ruwa yake yi. Yana da wani jan babur da yake zaga gonaki da shi, akwatin sifana ɗaure a baya. Tun suna yara ya gwada su duka biyun. Auta na ganin ƙarfe sai ya kai masa cafka. Babban kuwa, ranar farko da aka ba shi riƙon sifana, ya sake ta ta faɗa rijiya, ya tsaya yana sauraron yadda ƙarar ta daɗe kafin ta taɓa ruwa. Baban ya dube shi, ya dubi yatsunsa, washegari ya kai shi wurin wani abokinsa mai gyaran agogo ya ce, "Ga shi nan, wannan yatsunsa na allura ne." Har yau Mai Agogo bai gane ba, yabo ne ko kuwa neman kai aka yi da shi.

Inna kuwa, mahaifiyarsu, ba ta bar wa kowa wahalar ganewa ba. "Auta ne ya ɗauko hannun babansu," in ji ta. Tana faɗar wannan magana kamar yadda wasu ke cewa ina kwana. Ta faɗa wa baƙi, ta faɗa wa mai kawo ruwa, ta taɓa faɗa wa likita yana tsakiyar auna jininta. Kuma abin da ke ƙona wa Mai Agogo rai shi ne, a gidansa take zaune. Shi ke ɗaura mata hannun tabarau in ya cire, shi ke farfaɗo da rediyonta, shi ke miƙe ƙugiyar ɗan kunnenta da hantsaki. Ta karɓa ta ce, "Yauwa," ta juya. Amma Auta ya zo ya buga ƙusa ɗaya a bango, sai an kira maƙwabta sun zo sun ga ƙusar.

Babur ɗin nan kaɗai ne ya faɗo wa Mai Agogo daga cikin abin da baban ya bari, shi ma ba wanda ya buɗe baki ya ce nasa ne. Da Inna ta tare a gidansa, babur ya biyo kayanta kamar yadda tabarmi da tukwane suka biyo. Ya fara hawa a hankali, yana jiran a ce sauka. Ba a ce ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa shago a kai, yana goge tankin da irin ƙyallen da yake goge fuskar agogo. Auta na da motar ɗaukar kaya, bai rasa abin hawa ba. Amma duk zuwan da zai yi sai ya shafa tankin ya ce, "Tsoho, ana dai kula da kai ko?" Da babur yake magana, amma Mai Agogo ke jin zafin.

To, babur ɗin ba shi da ƙafar gefe. Baban ne ya yanke ta da zarto tun ranar da ta kama kunyar gona ta watsar da shi a laka. Ƙafar tsakiya kawai ta rage, mai yatsu biyu, wadda ake takawa a ja babur baya ya hau ya tsaya cak. Abin da ke riƙe ta a sama in ana tafiya kuwa wani sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai zobba da ke miƙewa ya koma, gajere, kaurin babban yatsa, baƙi ƙirin da tsufa.

Ranar wata Litinin da yamma, Mai Agogo na dawowa, ya hau tudun rage gudu na gaban kasuwa, sai ya ji ƙas! Sifirin ya tsinke. Ƙafar ta sauko tana jan kwalta, ƙiiiii, har da tartsatsi.

"Mai Agogo, yau noman titi ake yi?" in ji wani mai lemo.

"A'a, ƙaninsa yake kwaikwayo, walda yake a guje!" in ji na kusa da shi.

Ya sauka, ya tsinci guntun waya ya ɗaure ƙafar a sama. Da ya iso gida ya ga kwance wayar wahala ne, sai ya jingina babur da bangon tsakar gida ya shiga wanke fuska. Bai gama zuba ruwa a ido na biyu ba ya ji rugum. Babur ya zame, ya kwanta a kan kujerar ƙarfen da Inna ke shan hantsi a kai, ya karya mata ƙafa ɗaya, tanki ya loɓa kamar kuncin mara haƙori.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta dubi kujera, ta dubi babur, ba ta dubi ɗanta ba.

"Shekara ashirin babanku na hawan abin nan, ban taɓa ganin cikinsa ba sai yau," in ji ta. Ta juya wurin surukarta. "Ke, kira min Auta. Ki buɗe murya, kunnena ba ya ji."

Matar Mai Agogo ta kira shi a waya, ta buɗe murya, duk tsakar gida ya cika da Auta. Ya ce yana wani aikin ƙofofi a wajen gari, sai Asabar zai dawo. "Ƙafar tsakiya ce? Ai aikin minti biyu ne, Inna. Zan zo da mota in ɗauke shi."

"In ka ɗauka ka riƙe," in ji Inna. "Ya zauna wurin wanda ya san ciwonsa. Yayanka ya riƙa takawa, dama an ce tafiya magani ce."

Mai Agogo na tsaye, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya goge ta da bayan hannu.

"Ba inda babur ɗin nan zai je," in ji shi. "Ni zan gyara."

Daga cikin waya aka yi wata 'yar dariya, gajera, ta ladabi. Gara ma a ce zaginsa aka yi.

"Babba," in ji Inna, "wannan fa ba ɗan kunne ba ne. Amma ga ka ga shi. In Asabar ta yi yana jingine da bango, mota ta ɗauka."

Talata da safe ya je wurin mai sayar da kayan babur, ya sayi sabon sifirin da sabon noti da ƙusar da ƙafar ke juyawa a kai. Mai kayan ya naɗe masa a takarda yana cewa, "Sifirin ɗin nan fa shaiɗan ne, akwai wata ƙugiya da ake jansa da ita. Ai da ka kai wa ƙaninka, yana da ita."

"Na tambaye ka adireshin ƙanina?"

"A'a, Allah ya ba ka haƙuri."

"To riƙe shi, ko za ka aika masa wasiƙa."

A gida ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan siminti. Ya kwance ƙafar, ya jiƙa ta a kananzir, ya bi ta lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori har tsatsar shekara talatin ta saki. Ya jera komai a kan ƙyallen bi da bi, na farkon cirewa a hagu, na ƙarshe a dama, kamar yadda yake yi wa cikin agogo. Matarsa ta leƙo daga madafa.

"Maigida, in kawo safar hannu da abin rufe hanci? Na ga tiyata ake."

"Ki kawo shiru, shi ya fi ƙaranci a gidan nan."

Gaskiya dai aikin ya yi kyau. Ƙafar ta koma wurinta, sabuwar ƙusa ta shige, tana juyawa ba ko ƙis. Ya ɗora babur a kanta, babur ya tsaya. Saura sifirin. A nan ne hali ya yi halinsa. Mai gyaran agogo ba ya mayar da ƙarfe wurinsa bai sa masa mai ba, hannunsa ma ba zai yarda ba. Ya ɗauko 'yar kwalbar man agogo, mai tsada, ya bi sifirin ɗin zobe-zobe ya shafe shi tas har yana ƙyalli. Sannan ya maƙala kai ɗaya a jikin babur, ya kama ɗaya kan da filaya, ya ja.

Sifirin bai ma san ana yi ba. Tsakanin ƙugiyarsa da inda za ta shiga akwai tazarar yatsu uku, kuma ko rabin yatsa bai bayar ba. Ya ƙara ja, ya dafe taya da ƙafa, jijiyar wuya ta tashi. Filaya ta sulɓe a kan man da ya shafa da hannunsa, bayan hannunsa ya daki salansar babur. Ya ga taurari da rana tsaka.

Inna na zaune a kan kujerar da aka aro daga maƙwabta, ta sa tabaran da shi ya gyara, don ta ga gazawarsa da kyau.

"Da Auta ne da yanzu ya wanke hannu yana shan ruwa," in ji ta, ba da kowa ba.

Laraba ya koma da sukundireba. Ya zura ta cikin ƙugiyar, ya dogara bakinta a kan ƙarfen, ya banƙara. Sifirin ya miƙe kaɗan, ya ƙara miƙewa, saura ƙiris, sai ya kuɓuce, fiiit, ya wuce ta gefen kunnensa, ya daki kwanon rufi, ya faɗa cikin duron ruwa. Sai da aka kwashe rabin duro kafin a gano shi. Da la'asar ya ɗaura igiyar shanya a ƙugiyar, ya ce matarsa ta riƙe babur shi ya ja. Ya ja, babur ya biyo shi, matar ta biyo babur, su uku suka tafi har bakin ƙofar banɗaki.

Ta saki, tana haki. "Maigida, ni aure aka ɗaura min da kai, ba da ƙarfe ba. Ka tura shi wurin bakanike a ɓoye mana. Wa zai sani?"

Ya yi tunanin haka, kada a ce bai yi ba. Amma bakaniken bakin layi a hannun Auta ya koyi riƙon guduma. Na gaba da shi, Auta ne ya ƙera masa rumfa. Duk wani mai baƙin mai a farce a garin nan, in ka bi salsalarsa, sai ka tarar da Auta zaune a ƙarshe yana murmushi. Kafin babur ya dawo gida labari ya riga shi.

"Ba na kai wa kowa," in ji shi.

"To ka kira shi ka ce ya ara maka ƙugiyar."

"Gara in ja da haƙori."

"Su ma guda nawa suka rage?"

Alhamis ya tafi shago a ƙafa, da filasta a yatsu biyu. Hanya ta bi da shi ta gaban wajen waldar, ya ga sabon allon da aka kafa, da hoton ƙofa mai zanen dawisu. Ya tsaya ya ƙare wa dawisun kallo, ya yanke hukuncin cewa ya fi kama da zabuwa, ya ɗan ji sanyi a ransa, ya wuce.

Shagon nasa dai ba kamar da ba. Tun da waya ta zo ta riƙa faɗa wa mutane lokaci kyauta, aikin ya koma sa batir da gyaran tabarau da makullin mota. Agogunan da masu su suka kawo suka manta sun cika aljihun tebur. Waɗanda suka mutu murus ya fiɗe su, ya zuba murafen bayansu a wani gwangwanin madara, don shi ba ya iya zubar da ƙarfe mai kyau. Wajen hantsi wani magini ya shigo, ya ciro agogo daga hannu ya aje. Irin mai sarƙar nan ce da ake zura hannu ta miƙe ta koma ta kama.

"Malam, ka rage min sarƙar nan. Ta yi min yawa, har gwiwar hannu take zuwa. Ko ramewa na yi ban sani ba?"

Mai Agogo ya dubi hannun, wanda ya kai kaurin cinyarsa. "In kai ka rame, to ni na rasu." Ya maƙala gilashi ya duba. "Ba hannunka ba ne. Siminti ne da yashi suka shiga tsakanin gaɓoɓin, suka hana su komawa. Kowace gaɓa ta buɗe kaɗan, ka tara su duka, sarƙa ta ƙara tsawo."

Ya bi ta da allura yana sakace tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya, sarƙar na tsukewa a hannunsa. Ya kai rabi sai allurar ta tsaya. Ya zauna haka, baki buɗe, ido ɗaya ƙato a bayan gilashi.

"Lafiya?" in ji magini.

"Kowace gaɓa kaɗan," in ji Mai Agogo.

"Eh, ka faɗa."

"Ba da kai nake ba."

Ya ƙarasa aikin a gurguje, ya sallami magini, ya ɗauki gwangwanin madara da ma'aunin da yake auna fuskar agogo, ya ja ƙofar shago da rana tsaka. Mai ɗinkin takalmi ya miƙe tsaye ya ce, "Inna lillahi, wa ya rasu?" Shekara talatin bai taɓa ganin haka ba.

A gida ya tarar Inna ta shiga ɗaki ta kwanta bayan abincin rana. Wannan karon bai taɓa filaya ba. Ya kwanta a ƙasa ya auna tazarar, babur na kan ƙafarsa. Ya sauke shi, ya naɗe ƙafar sama, ya sake aunawa. Tazarar ta ragu da yatsa guda. Ashe kwana biyu yana kokawa da sifirin a inda ya fi nisa, don kawai ya ga babur ya fi daɗin aiki a tsaye. Ya zagi kansa a hankali, yadda ba wanda zai ji ya kai wa Auta.

Ya wanke sifirin da garin sabulu har man nan mai tsada ya fita. Ya maƙala kai ɗaya a ƙarfen taga, ya zura sukundireba a ɗaya kan. Bai ja ba, lanƙwasawa ya yi. Ya karya shi hagu, zobban dama suka buɗe baki, ya cusa murfin agogo ɗaya. Ya karya shi dama, na hagu suka buɗe, ya cusa wani. Hagu, dama, hagu, dama. Sifirin da ya gagari igiya da mutum biyu, ga shi yana karɓar murafe kamar jariri na karɓar cokali. Da ya sa na goma sha huɗu, abin ya koma kamar bushiya, murafe sun fito ta ko'ina suna ƙyalli. Ya auna. Ya ƙaru da yatsu biyu har da ɗan canji.

"Zo ki riƙe min kan babur," in ji shi.

"Da igiya ko babu?" in ji matarsa. "In da igiya, ka bari in yi wasiyya."

"Riƙe kawai."

Ta riƙe. Ya kwanta a tabarma, ya maƙala kan sama, ya kama na ƙasa da yatsu biyu, masu filastar ma, ya ɗora shi a ƙugiyarsa kamar mai sa wa amarya ɗan kunne. Ko nishi bai yi ba. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya karɓi kan babur, ya taka ƙafar, ya ja baya. Sifirin ya miƙe, zobba suka buɗe, murafe suka zubo kan siminti, tsilin-tsilin-tsilin, suna gangarawa ko'ina. Babur ya tsaya cak. Ya tura shi gaba, ƙafar ta koma sama da kanta, ƙwas! Ya sake takawa. Ƙwas!

Matar ta dafe ƙirji tana dariya har da hawaye. "Wallahi Maigida, ashe akwai kai a bayan gilashin nan!"

"Kada ki faɗa wa kowa yadda aka yi. Ko 'yar'uwarki."

Ya bi murafen yana tsincewa. Goma sha uku. Ya leƙa ƙarƙashin duro, ya ɗaga tabarma, ya duba magudana. Na sha huɗu ya ɓace. Yana cikin rarrafen nan Inna ta fito. Ta tsaya ta ga babur a tsakiyar gida, ba bango ba jingina, fuskarta ta washe kamar an kunna fitila.

"Auta ya zo ne ba ku tashe ni ba?"

Mai Agogo na durƙushe, gwiwa biyu hannu biyu. Daga nan ƙasa ya amsa. "Ni na yi, Inna."

"Kai?" Ta zagaya babur ɗin daga nesa, kamar mai zagaya baƙon kare. "To. Kada dai kowa ya zauna kusa da shi. Asabar ya zo ya duba."

Asabar da hantsi motar Auta ta tsaya a ƙofar gida, da katakon hawar da babur da igiyoyi a baya. Ya shigo da sallamarsa mai cika gida, ƙugiyar jan sifirin na leƙowa daga aljihun wando. Ya gaida Inna, ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ina majinyacin?" Sai ya gan shi a tsaye.

Ya tura shi gaba. Ƙwas. Ya taka ya ja baya. Ya sake. Sannan ya tsuguna, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannu ɗaya a kan taya, kai a karkace. Haka babansu ke tsugunawa, sak. Mai Agogo ya kau da kai, don ko tsugunon ma an raba gado ba a ba shi ba.

"Wa ya sa sifirin ɗin?" in ji Auta.

"Wa ka gani a gidan?"

"Da me ka ja?"

"Da hannu."

Auta ya dubi yatsun nan sirara masu filasta. Ya dubi nasa babban yatsan, inda wani tsohon tabo ya ratsa farce. "Yaya, ka ga wannan? Irin sifirin ɗin nan ne, kuma da ƙugiya a hannuna. Baba ma mu biyu muke ja, yana zagin wanda ya ƙera shi." Ya sake leƙawa. Ya zura yatsa tsakanin sifirin da ƙarfen babur, ya zaro wani abu mai ƙyalli. Murfi na goma sha huɗu. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. "Wannan fa?"

"Daga aljihuna ya faɗi."

"Ya faɗi sama, ya shige nan?"

"Abin agogo ne, ba za ka gane ba."

Auta ya dubi murfin, ya dubi sifirin, ya dubi yayansa. Sai Mai Agogo ya ga wani abu a fuskar ƙanensa: leɓe ya ɗan tsuke, ido ya ƙanƙance, hanci ya buɗe. Ya san wannan fuskar. Shekara talatin yana ganinta a gilashin agogunan bangon shagonsa duk lokacin da aka ambaci walda. Bai taɓa sanin tana da daɗin kallo haka ba in a jikin wani take.

"Auta," in ji Inna daga kan kujerar aro, "ya yi, ko a ɗauka?"

Katako na mota, igiya na mota, kalma ɗaya ta isa. Auta ya shafa tankin daidai inda ya loɓa, ya daɗe yana shafawa.

"Ya yi, Inna," in ji shi da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. "Notin dai ya so ya ƙara ɗauri."

Ya ciro sifana ya ɗora a kan notin da ba ya bukatar komai, ya yi kamar ya juya.

"Yauwa!" in ji Inna. "Kun ji ko? Da bai zo ba da shi ke nan. To a bar shi a nan, tunda ka sa masa hannu. Ga kujerata can, ka tafi da ita ka yi mata ƙafa." Ta juya wurin surukarta. "Hannun babansu ke nan. Taɓawa ɗaya."

Mai Agogo ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa, ya rufe.

Ya raka Auta ƙofar gida, yana riƙe masa karyayyar kujera. Auta ya jefa ta bayan mota a kan katakon da bai yi amfani ba, ya tsaya yana wasa da makulli.

"Shekara goma sha ɗaya kana hawansa," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Ni na wanke shi tun ina yaro, ni na san kukansa. Ko zagaye ɗaya ba a taɓa cewa in yi ba."

"Ba ka tambaya ba."

"To na tambaya. Da yadda ka sa sifirin ɗin."

"Zagaye dai, ka zo wata Asabar, ni zan tuƙa ka zauna a baya," in ji Mai Agogo. "Ɗayan kuwa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau motar kaya ba zai hango ba. Ba ni murfina."

"Wane murfi?" in ji Auta, ya shige mota ya ja ƙofa.

Har yanzu murfin na wurinsa. Masu zuwa wajen walda sun ce sukan gan shi a zaune a kan tulin ƙarfe, ya ciro wani ɗan faifai daga aljihu yana juyawa, yana kallon wani tsohon sifirin da ya rataye a bango. Inna na nan kan bakanta, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa babur ta ce Auta ne ya ceto shi da sifana. Mai Agogo ya daina gyara mata zancen, amma duk ranar da ta faɗa ba ya cin abincin kirki.

Da safe kuwa, in ya iso layin bayan tasha, ba ya kafe babur sau ɗaya kamar kowa. Sai ya taka ya ɗora, ya tura ya sauke, ƙwas, ya sake ɗorawa. Mai ɗinkin takalmi ya ɗago kai ya ce, "Mun ji, Mai Agogo, wallahi mun ji!" Shi kuma ya goge tanki, ya shiga shago, ya maƙala gilashinsa.